A Mayar wa Waƙa Muryarta a Aji

Duk malamin da ya taɓa shirya ɗalibai domin jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO ya san irin yaron da muke nufi. Ka tambaye shi jigon waƙa, ya faɗa maka. Ka tambaye shi ƙwar nawa ce, ya ce ƙwar biyar. Amsa-amon ciki da na waje duk yana riƙe da su kamar kuɗin aike. Amma ka ce ya rera maka baiti ɗaya tak, sai ya sunkuyar da kai, domin bai taɓa jin an rera ta ba. Abin da ya haddace taƙaitaccen bayani ne daga ɗan littafin tambayoyi da amsoshi da ake sayarwa a bakin makaranta. Zai iya cin jarrabawa, har ya fito da sakamako mai kyau, alhali shi da waƙar ba su taɓa haɗuwa ba.

Mu a wannan reshe muna ganin wannan asara ce, kuma ba ta tsaya kan malaman Hausa kaɗai ba. Ta shafi malamin firamare da ke fama da koyar da karatu, ta shafi malamin addini, ta kuma shafi iyalanmu a gida.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin cewa waƙa kayan koyarwa ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauyuka, waɗanda ba za su iya barin gidajensu su zo gabanta ba, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ana zaɓen dattijuwa mai hankali a naɗa ta jaji, a ba ta malfa alamar matsayinta. Ita ce ke jagorantar mata zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma garuruwansu da shi a ka. Babu injin buga littafi, babu albashi, babu ginin aji, amma tauhidi da tarihin Manzon Allah (SAW) da ladubban zaman duniya sun shiga ɗakunan da malami namiji ba ya shiga. Haka kuma a makarantun zaure har gobe ana koyon nahawu ta Alfiyyar Ibn Malik, baiti kusan dubu, saboda malamai sun san abin da aka ɗaure da kari ba ya saurin kwancewa.

Da boko ya zo, malamansa na farko ba su watsar da wannan gado ba. Malam Sa'adu Zungur malami ne. Malam Mu'azu Haɗeja malami ne, kuma cikin waƙoƙinsa akwai ta ilimin zamani, akwai ta biyayya ga iyaye. Alhaji Shehu Shagari yana riƙe da alli ya tsara Waƙar Nijeriya, domin yara su san ƙasarsu da garuruwanta da tarihinta. Waɗannan mutane 'yan sana'armu ne, kuma ba su ɗauki waƙa a matsayin abin cike gurbi idan lokaci ya rage ba.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba, wadda malaman aji ɗaya zuwa uku za su fi kowa ganewa. Rubutun Hausa na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi duk rubutunsu ɗaya ne. Yaron da ke koyon karatu yakan yi tuntuɓe a irin waɗannan wurare, yana haɗa baƙaƙe daidai amma ma'ana ta kuɓuce masa. Rubutacciyar waƙa kuwa an gina ta ne kan jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, bisa ma'aunin da malamanmu suka aro daga arulin Larabci. Idan yaro ya ja wasalin da bai kamata ya ja ba, karin zai karye, kunnensa ya gaya masa tun kafin malami ya buɗe baki. Idan ya tsallake kalma, ɗangon zai gurgunce, sauran 'yan aji su yi dariya su gyara masa. Aji mai yara fiye da ɗari, wanda malami ba zai iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, yana iya rera baiti tare, kuma na bayan aji da ke zaune a ƙasa bai rasa rabonsa ba.

Sai batun gida, wanda shi ne ya fi damunmu. Yawancin abin da muke koyarwa a bakin ƙofar makaranta yake tsayawa. Uwar da ba ta yi boko ba ba za ta iya duba lissafin ɗanta ba. Takan buɗe littafin ta ga jan biro, ta rufe, ta yi masa addu'a. Amma idan 'yarta ta dawo tana rera baitocin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi yayin wanke-wanke, uwar nan tana iya tsayar da ita ta ce ba haka ake ja ba, domin ta sha jin su a bakin makafi tun tana yarinya. A wannan lokaci uwa ta zama malama a kan darasin makaranta, yarinya kuma ta gane cewa abin da ke cikin jakarta da abin da ke cikin kan mahaifiyarta ba baƙin juna ba ne. Muna yawan kuka cewa iyaye ba sa zuwa taron iyaye da malamai. Mutum ba ya ɗokin zuwa wurin da aka nuna masa cewa duk abin da ya sani ba shi da amfani a can.

Mun san akwai masu ɗari-ɗari. Wasu iyaye da zarar sun ji kalmar waƙa sai hankalinsu ya tafi ga kiɗan finafinai da abin da ke fitowa daga wayoyin yara, su ce ba don haka suka kawo 'ya'yansu ba. Damuwarsu tana da tushe, kuma bai dace a yi musu izgili ba. Abin da ya kamata shi ne a kira su a karanta musu abin da za a koyar. Wanda yake zama a saurari Ishiriniya a watan Maulidi, ko wa'azin Shehu da Abdullahin Gwandu cikin baitoci, ba zai ƙi a koya wa ɗansa waƙar biyayya ga iyaye ba. 'Yan uwanmu Kirista na wannan reshe su ma sun san wannan hanya: da yawansu a Littafin Waƙoƙi na Hausa suka fara gane baƙaƙe, suna bin yatsan uwa a majami'a ranar Lahadi. Wannan na daga cikin wurare ƙalilan da dukkanmu muka tashi da tarbiyya iri ɗaya.

To me ya hana? Ba ƙyuya ba ce. A makarantu da yawa darasin Hausa shi ake turawa ƙarshen jadawali, bayan azahar, lokacin da yunwa ta ci yara, rabinsu kuma sun sulale. Shi ake fara yankewa idan za a yi shara ko taron malamai. A wasu wuraren duk wanda ba a samar wa darasi ba sai a ce ya riƙe Hausa, wai ai Bahaushe ne, kamar dai a ce duk mai hanci ya iya koyar da ilimin halittu. Alhali kwalejojin ilimi da jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye masu digiri a Hausa kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. Littattafan da kamfanin NNPC na Zariya ya buga, irin su Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da Fasaha Aƙiliya ta Alhaji Aƙilu Aliyu, sun yi ƙaranci a ɗakunan karatun makarantu, inda ma akwai ɗakin karatun ke nan. Malamin da albashinsa bai kai shi tsakiyar wata ba, ba za a ce ya saya wa aji daga aljihunsa ba.

A nan ne ƙungiya take da abin cewa. Mun saba zuwa gaban hukuma da batun albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho, kuma ba za mu daina ba, domin malami mai yunwa ba ya rera komai. Sai dai ƙungiyar da aka kafa tun 1931 ba ta ciki kaɗai ba ce, tana da bakin magana kan abin da ake koyarwa da wanda ke koyar da shi. Muna roƙon shugabannin reshe su sa cikin buƙatunmu cewa a ɗauki ƙwararrun malaman Hausa, a daina mayar da darasin abin toshe ɓaraka, a kuma sa littattafan waƙoƙi cikin kayan da hukumar ilimin bai-ɗaya take rabawa.

Kafin hukuma ta amsa, wanda mun san yakan ɗauki lokaci, akwai abin da ke hannun shugabannin makarantu. Minti biyar a taron safe, sau ɗaya a mako, sun isa aji guda ya fito ya rera baiti uku ko huɗu, a bi da bi har zangon karatu ya ƙare. Malamin da muryarsa ba ta da daɗi kada ya ji kunya. A kowace unguwa akwai dattijo ko malamar Islamiyya da ta san karin, kuma da wuya a gayyace su su ƙi. Masu tsofaffin kwafin waɗannan littattafai a akwati kuwa, muna roƙonsu su kakkaɓe su su zo da su taron reshe mai zuwa, a rubuta sunan kowa a bango, a ga waɗanda za a iya ba makarantu aro.