LA'ADA KAFIN CINIKI

Duk wanda ya taɓa kai sa ko tunkiya kara ya san ƙa'idar dillanci, ba sai an karanta masa ita ba. Dillali zai karɓi igiya, ya kewaya da dabba, ya sha rana, ya yi ta ja-in-ja da masu saye, amma ba zai ga ko kwabo ba sai ciniki ya faɗa, an ce Allah Ya sa albarka. In kuwa rana ta faɗi ba a saya ba, dillali ya yi asarar yininsa, mai dabba ya ja abarsa gida. Da wannan ƙa'ida ake cinikin shanu a Mariga, da ita ake cinikin hatsi a Kontagora, kuma da ita ce kakanninmu suka yi fataucin goro da shanu a unguwar Sabo ta Badun da Shagamu da Agege shekara da shekaru. To, wai shin daga ina aka samo mana waɗannan sababbin dillalai masu ofis da allo da hatimi, waɗanda ake kira ejan, da ke karɓar la'ada tun ba a ga mai saye ba, alhali kuwa hajar da suka kasa ita ce gumin ɗan talaka?

Maganar nan ta shafi kowane ɗan Arewa da ke zaune a Kurmi, amma ta fi ƙona mutanen ƙasar Kontagora. Garin yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta Yawuri, ta haɗu da wadda ta fito daga Kaduna ta Tegina, ta gangara Mokwa, ta haye gadar Jebba zuwa Ilori da Badun da Ikko. A da ci-rani ake yi ta wannan hanya: a gama girbi a tafi, hadari ya fara haɗuwa a dawo. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Mariga da Rijau da Magama da Mashegu, manoma da yawa suka rabu da gonakinsu, tafiyar ta koma ta neman abin da za a riƙe iyali shekara sukutum. Ga kuma acaɓar da ta rufa wa dubbai asiri a Ikko, gwamnatin jihar ta hana ta a manyan sassan birnin a 2020, ta ƙara tsanantawa a 2022. Abin da ya rage wa saurayi shi ne gadi, da tuƙi, da dako, da aikin masana'anta, kuma a ƙofar yawancinsu ejan ya kafa kujera ya zauna.

Bari in ba ku labarin wani ƙanena, ɗan baffana, wanda ya sauka a wurina a 2024 da takardar gama sakandare da kuɗin masarar da mahaifinsa ya sayar. Ya ga takarda manne a jikin gada an ce ana neman masu gadi cikin gaggawa. Da ya je ofishin, ɗaki guda ne da tebur da benci. Aka karɓi naira 5,000 kuɗin fom, aka karɓi 10,000 kuɗin rajista, aka karɓi 20,000 kuɗin kaki da takalmi, kuma babu ko ɗaya da aka ba shi rasidinsa. Mako uku yana zarya ana ce masa ya dawo jibi, kuɗin mota ya cinye sauran guzurinsa. Daga bisani aka ajiye shi a ƙofar wani ɗakin ajiyar kaya, tsayuwar sa'a 12 kullum, a kan naira 45,000 a wata, rabin albashin watan farko na ejan. Sai da ya saba da ma'aikatan wurin ya ji cewa abin da masu kayan ke biya a kan kowane maigadi ya ninka abin da ke isowa hannunsa. A wata na huɗu aka ce an ga yana gyangyaɗi, aka sallame shi, kashegari ga wani saurayi sanye da kakin da ya tuɓe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jama'a, ku lura da yadda tarkon yake. Dillalin da ake biya bayan ciniki, ribarsa ita ce a saya. Dillalin da ake biya kafin ciniki kuwa, ribarsa ita ce layi ya yi tsawo. In gurbi ɗaya ne gare shi, ya sayar da fom ga mutum 50, ya ci kuɗin 49 a banza, babu kuma wanda zai iya tuhumarsa, don ya ce ai wani ne ya fi cancanta. In ya sa mutum aiki, ba ya so ya daɗe, domin sabon shiga shi ke kawo sabon kuɗin fom da sabon rabin albashi. Ashe ke nan rashin aikinku shi ne jarinsa, korarku ita ce kakarsa. Wanda abincinsa ke fitowa daga ciwonka, yaya za ka sa ran ya ba ka magani?

Kada wani ya ce wannan halin 'yan ƙananan ofisoshin lungu ne kawai. Babbar ɓarnar daga sama ta gangaro. A ranar 15 ga Maris 2014 aka tara masu neman aikin Hukumar Shige da Fice a filayen wasa da makarantu a duk faɗin ƙasa, bayan kowannensu ya biya naira 1,000 ta hannun wani kamfani da aka ɗora wa sayar da fom ta intanet. Guraben ba su kai 5,000 ba. Kuɗin da Hukumar EFCC ta ambata a kotu a 2016 ya kai naira miliyan 676, wato kuɗin mutum fiye da 670,000. A turmutsutsun ranar mutane fiye da 15 suka rasu, a Abuja da Fatakwal da Benin, har da Minna, babban birnin jiharmu. Haka kuma a 2023, a gaban kwamitin Majalisar Wakilai mai binciken cinikin guraben aiki, masu neman aiki suka ba da shaida cewa sun biya naira miliyan 1, wasu miliyan 2, kuma wani tsohon jami'in Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai ta Tarayya ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi kuɗin mutane. In babban gida ya mai da neman aiki haja, me zai hana ɗan tebur da benci ya kwaikwaya?

Abin takaici shi ne doka tana nan, kuma tana tare da ku, sai dai an bar ta a aljihun tebur. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yau ita ce ginshiƙi, ta hana kowa ɗibar ma'aikata don wani sai da lasin daga Ministan Ƙwadago, sashe na 71 kuma ya hana buɗe ofishin samar da aiki mai karɓar kuɗi sai da yardar Minista a rubuce. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa da albashinsa kafin ya wuce wata 3. Bayan wannan, a watan Maris 2023 Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara tun 1997, kuma sashe na 7 nata ya hana kamfanonin samar da aiki karɓar kuɗi daga ma'aikaci, a fili ko a fakaice, sai a wasu keɓaɓɓun ayyuka da hukuma ta ware bayan shawara da ƙungiyoyin ma'aikata. Ingila ta kafa irin wannan hani a dokarta tun 1973. Ga kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, wanda ya hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama. Wato abin da duniya ta taru ta rubuta da dogon Turanci, shi ne abin da dillalin Mariga ya gada daga ubansa: mai neman ma'aikaci shi ke biya, kuma sai buƙata ta biya.

Na san abin da masu wannan sana'a za su ce. Za su ce suna biyan hayar ofis, suna tantance mutane, suna ɗaukar alhaki in maigadi ya yi ɓarna, kuma attajirin Ikko ba zai damƙa mabuɗin gidansa ga baƙon da bai sani ba. Duk gaskiya ne, kuma ba mu musa ba cewa akwai kamfanoni masu lasin da ke aikinsu da mutunci. Amma wa ake yi wa tantancewar? Wa ke barci da minshari saboda ita? Mai gida ne da mai masana'anta. To, shi ya kamata ya biya, kamar yadda yake biyan mai gyara masa janareta. Ɗora wannan nauyi a kan yaron da ya sauko daga bayan tirela da ƙullin tufafinsa zalunci ne, ko da an buga masa hatimi goma.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya, cewa da yawa daga cikin masu kai yaranmu ga ejan 'yan'uwanmu ne, masu jin yarenmu, masu sahu ɗaya da mu. Su ne ke tsayawa a tasha kamar 'yan kamasho, su tari baƙo da maraba lale, su kai shi ofis su karɓi nasu kason ta bayan fage. Wasu har gida suke bi, su ce wa dattijo sun samo wa ɗansa aiki a Fatakwal ko a Saudiyya, ya kawo kuɗin hanya da na takardu, a sayar da saniya ko a jinginar da gona. A zamanin Turawa, lokacin gina hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, da lokacin haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, ɗibar kakanninmu aka riƙa yi zuwa aikin tilas, suna kuka. Yau mu ke kai kanmu, har mu biya ladan a ɗebe mu. Haba jama'a!

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ta buga sunayen kamfanoni masu lasin da Hausa da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo, a manna a tashoshi, domin jerin sunayen da sai mai kwamfuta ke iya gani bai amfani ɗan Rijau da komai ba. Ta fito ƙarara ta ce kuɗin fom da rabin albashi haramun ne, ta rufe ofishin duk wanda ya ƙi ji. Tun 1961 ƙasar nan ta amince da yarjejeniyar da ta ɗora wa gwamnati samar da ofisoshin neman aiki kyauta, irin wanda iyayenmu suka sani da Ofishin Leba. Gari kamar Kontagora, mai masarauta, mai barikin soja, mai babbar makarantar horar da malamai ta Tarayya, wanda hanyar Kurmi ta ratsa, ya cancanci a yi masa irin wannan ofishi mai rai, yadda saurayi zai tambayi gaskiyar aiki tun bai hau mota ba, ba sai ya bi ta Tegina da Zungeru zuwa Minna ba.

Muna kuma kira ga sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo da Shagamu da Anacha da Fatakwal, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan asalin garuruwa, su tuna cewa aikin da ejan ke sayarwa, masu masauki na da ne suka fara shi: su sauki baƙo, su tsaya masa, su haɗa shi da mai nema. Su buɗe littafi, su rubuta masu neman aiki da sana'ar kowa, su tsaya wa wanda suka sani, su kuma rubuta sunan duk ejan da ya cuci ɗan'uwa a sanar da jama'a bayan sallar Juma'a.

Kai kuma ɗan'uwa mai nema, mun san wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Duk da haka riƙe abu huɗu. Tambayi lasin, ka gani da idonka. Tambayi sunan wurin aikin, ka taka ka je ka tabbatar. Kada ka ba da ainihin takardar makarantarka ko katin shaidarka a ajiye. Kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi kafin ka ga aiki, ka ce masa a garinku sai ciniki ya faɗa ake ba da la'ada, ka ɗauki hularka ka fita. Ranar da mutum ɗari suka faɗi haka a ƙofa ɗaya, ranar ce ejan zai koma neman kuɗinsa wurin mai kuɗi.

Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mai nema sa'a, Ya kuma mai da kowa gida lafiya.