Zinaren da ke cikin jan layin gwajin maleriya

Daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu har zuwa ƙananan asibitocin karkarar Gwaram, ɗigon jini a kan ɗan farin roba ne ke raba gardama a kan zazzaɓi cikin minti 15 zuwa 20. Kaɗan ne suka san cewa jan layin da ke bayyana zinare ne. Idan aka mayar da shi ƙwayoyi masu girman nanomita 40, wato ƙasa da kaurin silin gashi sau dubu biyu, yakan haɗiye koren haske, sai ido ya gan shi ja. Michael Faraday na Ingila ya bayyana wannan siffa tun 1857. Ana manna wa ƙwayoyin sinadarin da ke cafke furotin ɗin ƙwayar cutar, su taru a layi guda.

Nijeriya na ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, amma ta daɗe tana dogaro da kayan gwajin da ake shigowa da su, galibi da kuɗin masu ba da tallafi. Da Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025, raunin wannan tsari ya fito fili. Inda babu gwaji, sai a koma ba da magani bisa zato, kuɗin talaka ya tafi a banza, ainihin ciwon kuma ya ci gaba.

Ba masana aka rasa ba. Farfesa Agbaje Lateef na jami'ar LAUTECH da ke Ogbomoso ya haɗa ƙwayoyin azurfa masu kashe bakteriya da ruwan ɓawon goro, abin da ake zubarwa a bola. Sai dai irin wannan bincike yakan tsaya a mujallu, ba ya kaiwa masana'anta.

Umarnin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2024 na ɗauke haraji daga kayan haɗa magunguna, da masana'antar Codix Bio da aka buɗe a Shagamu a 2025, sun rage tazarar. Amma harhaɗa kayan gwaji daban, mallakar fasahar cikinsa daban.

Jigawa na da nata tambayar. Zafi na lalata sinadarin gwajin, kuma a watan Afrilu yakan haura digiri 40 a wannan yanki. Auna ingancin kayan bayan sun yi watanni a shagon magani na ƙauye aiki ne da Jami'ar Tarayya ta Dutse da asibitin Birnin Kudu za su iya yi ba tare da jiran kowa ba.