Sharhi: Idan kamfani ya zo da babban aiki a gonakinmu, wa ke duba ɓarnar, kuma ina ƙaramar hukuma take?



Cikin ƴan shekarun nan kudancin Nijar ya ga manyan ayyukan kamfanoni irin waɗanda a da sai a Arlit ake jin labarinsu. A 2011 matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a arewacin birnin Damagaram, kan hanyar Tanut, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. A 2019 aka buɗe sabon kamfanin siminti na Malbaza a jahar Tawa. Sai kuma bututun ɗanyen mai da ya taso daga Agadem zuwa tashar jiragen ruwa ta Seme a ƙasar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000. Kimanin kilomita 1,275 na wannan bututu suna cikin ƙasarmu, ya ratsa jahohin Difa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, kuma a watan Mayun 2024 aka loda jirgin farko. Ga maganar gawayin Salkadamna da ta matatar mai a Doso ana ta yi.

Mu ma muna son aikin yi ga matasa, muna son kuɗi su shiga baitulmali. Amma kowane irin wannan aiki a kan ƙasar wani ake yinsa: gonar gero, burtalin makiyaya, fadama, ko kusa da rijiyar da gari ke sha. Shi ya sa yau muke tambaya: kafin katafila ta shigo, wa ke duba abin da aikin zai ɓata, kuma mene ne ƙarfin meri da na talakawa a ciki?

Abin da doka ta tanada

Nijar ba ta rasa doka ba. Akwai dokar kare muhalli ta 29 ga Disamban 1998, sannan dokar 14 ga Mayun 2018 da ta tsara yadda ake binciken tasirin ayyuka a kan muhalli da jama'a, da kudurin gomnati na Janairun 2019 da ya fayyace yadda za a yi aiki da ita. Ofishin da ke riƙe da wannan aiki shi ne BNEE, ƙarƙashin ma'aikatar muhalli a Yamai.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai aiki ya kai bayanin aikinsa, BNEE ta duba ta sa shi a ɗaya daga rukuni huɗu, daga A, wato mai haɗari sosai da ke buƙatar cikakken bincike, zuwa D da ba ya buƙatar komai. Idan babban aiki ne, kamfanin ya ɗauki ƙwararru su yi bincike, su zagaya garuruwan da abin ya shafa, su ji ta bakin jama'a, su rubuta rahoto. Daga nan a aiko tawaga ta duba wurin, a yi taron jin ra'ayin jama'a, kwamiti ya zauna ya tantance rahoton. In ya wuce, ministan muhalli ya sa hannu a takardar shaida, tare da kundin sharuɗɗan da kamfanin ya yi alkawarin cikawa.

To, ku lura da abu biyu a nan. Na farko, kamfanin ne ke biyan ƙwararrun da za su binciki aikinsa. Haka ake yi a ƙasashe da dama, ba Nijar kaɗai ba, amma kowa ya san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa ake buƙatar wani ido na daban ya duba rahoton. Na biyu, sa hannun ƙarshe a Yamai yake. Magajin gari ana gayyatarsa, ana jin ta bakinsa, amma ba shi ke ba da takardar ba.

Ina ƙarfin ƙaramar hukuma yake?

Kada wannan ya sa a ce meri ba ta da ta cewa. Dokar ƙananan hukumomi ta Satumban 2010 ta ɗora musu kula da ci gaban yankinsu, kuma a 2016 gomnati ta miƙa musu wasu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Ga kuma kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kawo, waɗanda muka fi sani da COFO, daga na ƙauye zuwa na komin da na gunduma. Su ne suka san gonar wane ce wannan, ina burtali ya bi, wane tabki ne dabbobi ke sha. Duk lissafin diyya da bai bi ta hannunsu ba, da wuya ya zama daidai.

Matsalar ita ce rashin kayan aiki da ƙwararru. A komin ɗin karkara sau da yawa ma'aikacin gandun daji ɗaya ne ko biyu, da babur ɗaya, ga garuruwa barkatai. A ajiye musu rahoto mai ɗaruruwan shafuka da Faransanci, cike da awon ruwa da na iska, a ce su ba da ra'ayi cikin ƴan kwanaki. Ta yaya?

Sannan tun 4 ga Afrilun 2024 hukumomin ƙasa suka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi, aka naɗa kantomomi. A da, duk da raunin kansiloli, kowane yanki na da mutumin da ya zaɓa, wanda zai iya tarewa a kasuwa ya ce masa ƙura ta dame mu. Yanzu wannan nauyi ya koma kan kantoma da sarakuna da masu gari. Kantoma na iya yin aiki nagari, har ya fi saurin yanke shawara. Amma tunda babu zauren majalisa da za a yi muhawara, wajibi ne shi da kansa ya buɗe ƙofa: ya kira taro, ya liƙa takardu a bangon meri, ya zo gidan rediyo ya yi bayani.

Darasin da muka riga muka gani

A watan Yunin 2024 ƴan tawaye suka fasa bututun mai a yankin Tesker na jahar Damagaram, ɗanyen mai ya malala a daji, kowa ya ga hotunan. Wannan yanki ne na makiyaya. Laifin fasawa na waɗanda suka fasa ne, amma tambayar da ta shafi kowane komin da bututun ya ratsa tana nan: in mai ya zuba kusa da rijiya ko cikin fadama, wa za a kira a daren? Wa zai kwashe ƙasar da ta gurɓata, wa zai biya dabbar da ta mutu? Amsar tana cikin kundin sharuɗɗa. Kamata ya yi kwafinsa ya kasance a kowace meri, daga Difa har Gaya.

A maƙwabciyarmu Cadi, a watan Agustan 2013 gomnati ta dakatar da aikin kamfanin CNPC a Kudalwa bayan ministan mai ya taka har wurin ya ga ɗanyen mai da aka zuba a ramuka. An ci kamfanin tarar dala biliyan 1.2, daga baya aka sasanta a kan dala miliyan 400. Kuɗi ne masu yawa, amma bayan ɓarna suka zo.

A gida kuma, kamfanin uraniyom na COMINAK a Akokan ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tarin sharar ma'adini kusan tan miliyan 20. An buɗe shi a shekarun 1970, tun babu dokar 1998. Abin da ba a rubuta ranar buɗewa ba, da wuya a samo shi ranar rufewa.

Wasu za su ce ai doka ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da na mai ga ƙananan hukumomin jahar da ake haƙowa. Gaskiya ne, kuma ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun daɗe suna kukan jinkirin biyan waɗannan kuɗi. Amma ko an biya a kan lokaci, wannan haƙƙi ne daban. Kuɗin gina aji ba sa mayar da ruwan rijiya mai daɗi.

Abin da ya kamata mu nema

Na farko, a auna ruwan rijiyoyi da fanfunan gari kafin a fara aiki, a ba maigari da meri kwafin sakamakon. In babu awon farko, gobe in ruwa ya canza ɗanɗano babu hujjar da za a kai gaban kowa.

Na biyu, a taƙaita rahoton da Hausa da sauran harsunan yankin, a karanta a rediyo. Kundin tsarin ƙasa na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. To, a fara nuna hakan a takardar da ta shafi gonar talaka.

Na uku, lokacin taro. Taron da aka kira ranar kasuwa ko tsakiyar noman fari, dattawa biyar ne za su zo. Makiyaya da damina suna arewa, alhali burtalinsu ake magana a kai, kuma dokar kiwo ta 2010 ta kare musu shi. Mata su ke ɗebo ruwa, su ke fara gane ya sauya, sai a yi musu nasu zaman.

Na huɗu, a ƙirga itatuwa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi shekaru kusan arba'in suna sassaben zamani, har ana kiyasin sun farfaɗo da hekta miliyan 5. Gawo, aduwa, magarya da kalgo da ke cikin gona dukiya ce. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce a biya diyya ta adalci kuma kafin a karɓi filin. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba.

Na biyar, a kafa kwamitin sa ido na gari, da wakilin manoma, makiyaya, mata da matasa, da littafin koke a meri mai kwanan wata. Ranar taron amincewa kowa na nan, har da talabijin. Bayan shekara biyu, lokacin da ƙurar manyan motoci ta rufe wake, ko ramin da aka ɗebi tsakuwa ya cika da ruwa yara na wanka a ciki, mutanen gari ne kaɗai ke wurin.

Ku kuma ƴan uwa na waje, da yawanku kuna da gonar gado da ba ta da takarda. Ranar ƙidayar masu diyya, wanda aka tarar a gona shi ake rubutawa, daga nan rigimar dangi ke tashi. Ku kira gida tun yanzu, a zauna da magada, a je wurin maigari da COFO a yi takardar shaida. In kun ji ana awo a yankinku, ku tambayi sunan kamfanin, rukunin da BNEE ta sa aikin, da ranar taron jama'a, ku wakilta wanda zai yi magana da sunanku.

Mu a namu ɓangaren, ƙofar gidan rediyo a buɗe take ga kantomomi, ma'aikatan muhalli, sarakuna da kamfanonin kansu, su zo su karanta wa jama'a alkawuran da aka sa wa hannu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.