Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabar Hukumar NAFDAC Kan Magungunan da Ke Hana Fata Jure Rana



Wannan wasiƙa tana jawo hankalin hukumar, wadda aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna, zuwa ga wata illa da ba kasafai ake ambatonta ba, wato yadda wasu magunguna ke hana fata jure hasken rana. Sinadarin maganin yakan bi jini ya isa fata, ya zuƙi wani ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UVA, sai fuska da wuya da bayan hannu su yi raɗaɗi su kumbura cikin 'yan sa'o'i, a baƙar fata kuma tabo mai duhu yakan daɗe bai gushe ba.

Daga cikinsu, da sunayen da ke jikin kwalayensu, akwai doxycycline da ciprofloxacin masu kashe ƙwayoyin cuta, da hydrochlorothiazide na hawan jini, wanda hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa daɗewa ana shansa yana ƙara haɗarin sankarar fata, lamarin da ya fi tsanani ga zabiya. Mayukan bilicin ma suna da tasu illar, domin hydroquinone yana danne melanin, wato launin da ke kare fata daga rana, kuma idan aka daɗe ana shafa shi ana shiga rana yakan haifar da baƙin tabo a kumatu mai wuyar magani, wanda ke sa mai shi ƙara shafawa, abin ya ƙara dagulewa.

Gargaɗin guje wa rana yana nan a takardar da ke cikin kwalin magungunan sha, sai dai da Turanci yake, kuma a yawancin kemis yanke ƙwayoyin ake yi a miƙa wa manomi ko ɗan acaɓa wanda zai wuni a rana, takardar kuwa ba ta bin sa gida. Wannan giɓi ne na isar da saƙo, ba na ilimi ba, kuma toshe shi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Ana roƙon hukumar ta wajabta sanya alamar rana a jikin katin ƙwayoyin kansa, ta kuma haɗa kai da hukumar masu harhaɗa magunguna domin a riƙa shaida wa mai saye, da Hausa, ya rufe jiki ya guji ranar tsaka, kada kuma ya daina shan maganinsa sai da shawarar likita.