Kujerar mota ma amana ce

Ruwan damina a Abuja ba ya sallama. Hadari kan haɗu cikin 'yan mintoci, kuma wanda ya bar gilashi a buɗe a harabar Sakatariyar Tarayya zai tarar da kujerun mota sun jiƙe sharkaf.

Abin takaici shi ne bambancin da muke nunawa. Idan motar mutum ce, nan take zai nemo tawul. Idan ta ofis ce, sai a fesa turare, a rufe ƙofa, a bar direba da wari.

Turare ba ya busar da soso. Cikin awa 24 zuwa 48 fumfuna kan fara tsirowa, mai asma ya shaƙa ya wahala. Danshin da ya kwanta ƙarƙashin kafet kuwa yana lalata wayoyin lantarki, har da na jakar iska mai kare rai.

Maganin ba ya buƙatar sa hannun darakta: a tsane ruwan da tawul, a fitar da shimfiɗun ƙafa, a buɗe ƙofofi a rana, sannan a kunna iyakwandishan domin yana zuƙe danshi.

Wanda ya yi sakaci da kujerar mota, ta yaya za a amince masa da kujerar ofis?