Sharhi: Ciwon ƙafar da ake cewa “sanyi ne”, har ya kai ga yankewa

Hunturu ya kama, kuma lokaci ne da tsofaffi a Bawdeta da ƙauyukan Tasawa da Mayahi ke yawan kukan ƙafa. Mutum ya tashi zuwa kasuwa, tafiya kaɗan sai sha-raɓa ta ɗaure. Ya tsaya ya huta, ciwon ya lafa. Ya ci gaba, ya dawo. Sai a ce ai sanyi ne, ko tsufa, wani ma ya ce sammu.

Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne jijiyoyin da ke kai jini ƙafa sun ƙuntata saboda kitse da ya taru a cikinsu. Manyan masu jawo shi: ciwon suga, hawan jini, shan taba da yawan shekaru. Mutane sama da miliyan 200 ke fama da shi a duniya. In ya yi nisa, ƙafa ta yi sanyi, ciwo ya hana barci, ƙaya ɗaya ta zama gyambo, yatsa ya baƙe. Daga nan sau da yawa likita ba shi da zaɓi sai yankewa.

To, ina matsalar take a wajenmu? Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aikin fidda jariri kyauta, amma dattijo mai suga ko hawan jini daga aljihunsa yake biya, wata bayan wata. Ga nisa: wanda abin ya fi ƙarfin CSI sai likitar Tasawa, in ta gagara sai Maradi, tafiyar kusan kilomita 120. Shi ya sa da yawa ke farawa da wanzami. Gaskiya dai, tsaga ko ƙaho a ƙafar da jini ba ya isa ƙofar gyambo ce. Haka ɗumama ƙafa a bakin wuta: mai suga kan ƙone bai ji ba.

Abin da ya kamata a gane shi ne, gano ciwon da wuri ba ya son kayan aiki masu tsada. Majo zai iya taɓa bugun jini a ƙafa, ya auna tansiyo, ya auna suga. Matuƙar ba a mayar da wannan awo al'ada a CSI ga duk wanda ya haura shekara 50 ba, za a riƙa ganin marasa lafiya ne bayan ƙafa ta lalace. Dokar yaƙi da taba ta 2006 ma tana nan, saura aiki da ita. Nan ne ya dace magadan gari, sarakuna da limamai su sa baki, domin manomin da ya rasa ƙafa, gida guda ne ya rasa damina.

Kafin nan, kowa da nasa. Sau biyar muke alwala a yini: a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. A sa takalmi a gona, a bar taba, a riƙa tafiya kullum, a sha magani yadda aka rubuta. Rauni ya kwana biyu yana ƙaruwa, ko yatsa ya sake launi, a garzaya likita ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.