Filin Turanci a Sauƙaƙe: "Footloose and fancy-free"

Ran nan wata ƙanwata 'yar aji biyar ta kawo mini wasiƙar saurayinta, baki har kunne, wai ya rubuta mata shi "footloose and fancy-free" ne. Da ta ga "fancy" ta ga "free", sai ta ɗauka yana nufin shi ɗan gayu ne mai kyauta. Na ce, "Yarinya, zauna ki ji."

"Footloose" shi ne mai sakakkiyar ƙafa, ba turke ba igiya, inda ya ga dama nan ya nufa. Ita kuwa "fancy" a tsohon Turancin Ingila tana nufin so. Shakespeare ya yi amfani da "fancy-free" wajen shekarar 1595 a wasansa A Midsummer Night's Dream, kan wata budurwa da kibiyar so ta kuskure ta.

In an haɗa su, ana nufin mutumin da ba aure, ba alƙawari, babu kowa a zuciyarsa. Turawa kan faɗi haka ga tuzuru, ko wanda ya rabu da masoyiyarsa yana jin ya huta.

To saurayin da ya shekara yana zuwa zance ƙofar gidanku ya ce miki haka, ai ya gaya miki ba kya cikin lissafinsa. Watakila shi ma ji ya yi ya kwafa, don haka ki tambaye shi yaushe zai turo magabatansa. Amsarsa ita za ta raba gardama.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.